Yabo da Yaɓe: Daga Gamkalle zuwa Agadas

Tsakanin Yamai da Agadas akwai tafiyar kilomita wajen 950. Matafiyi zai ratsa Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, ya karkata arewa ya bi ta Tawa da Abalak, daga nan itatuwa su riƙa raguwa, ƙasa ta buɗe, har ido ya gaji da hangen nesa. Abin da ke fara yi masa maraba tun bai shiga gari ba shi ne hasumiyar babban masallaci, mai tsayin mita 27, gindinta da faɗi, kanta a tsuke, jikinta kuma itatuwa sun yi cirko-cirko kamar ƙayar bushiya. Babu siminti a cikinta, babu ƙarfe. Da tubalin ƙasa aka yi ta, kuma hukumar UNESCO ta shaida cewa duk duniya babu hasumiyar ƙasa da ta kai ta tsawo.

A gindin wannan hasumiya akan ga wani irin baƙo da ya kamata a tsaya a dube shi da kyau, domin halinsa ya zama ruwan dare. Ma'aikaci ne daga Yamai, a ce haihuwar Gamkalle, wanda wani taron ƙara wa juna sani ya kai shi Agadas na kwana uku. Ranar ƙarshe, kafin mota ta tashi, sai ya nemi a kai shi masallaci. Ya sunkuya ya bi ƙuntatacciyar matakalar ciki har ƙololuwa, ya leƙa gari, ya ɗauki hoto, ya aika wa abokai ta WhatsApp tare da kalmomin alfahari a kan gadon kakanni. Bayan wata shida, da bashin banki ya fito, aikin farko da ya sa a gaba shi ne rushe ɗakunan ƙasa da mahaifinsa ya bari a Gamkalle, ya jera bulon siminti, ya ɗora kwano. In aka tambaye shi dalili, amsarsa guda ce: ginin ƙasa na talaka ne, shi kuwa ya wuce nan.

Ba a zarginsa da son gida mai kyau, domin kowa na so. Abin zargin shi ne bakin da ya yabi ƙasa a Agadas shi ne ya kushe ta a Yamai, bai kuma lura cewa ƙasar ɗaya ce ba. Ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa. Kowace damina tana ɗibar wani abu daga jikinsa, kowane rani sai an mayar masa. Mai mayarwar magini ne, magini kuwa yana koyon sana'arsa a bayan ubangidansa, a kan katangun gidajen mutane, shekara da shekaru, kafin a amince masa ya hau hasumiya. Ranar da gidajen mutane suka daina ba shi aiki, ɗansa zai koma tuƙin kabu-kabu, in ya mutu kuma hasumiya ta zama marainiya. Abin da Yamai ta raina bana, sauran garuruwa sukan raina shi baɗi, tunda daga babban birni ake ɗaukar yayi. Saboda haka hukuncin da ake yanke wa katangun Gamkalle yana isa Agadas, ko da ba a aika da shi ba.

Tarihin masallacin kansa ya isa shaida. An kafa masarautar Abzin a farkon ƙarni na 15, wajen 1405, kuma a tsakiyar wannan ƙarni sarakunanta suka zauna a Agadas. Garin ya zama zangon ayarin da ke haɗa ƙasar Hausa da Gat da Gadamas da Tarabulus, ya kuma zama mashigar gishirin Bilma. A 1515 Askiya Muhammadu na Sangai ya ci garin, kuma daga wannan zamani ake lissafin shekarun masallacin, wanda labarin baka yake danganta gininsa ga wani waliyyi mai suna Zakariya. A 1844 aka sake tayar da hasumiyar bisa siffarta ta asali. Ke nan abin da ya yi shekara ɗari biyar a Agadas sana'a ce da ba ta yanke ba, wadda kowane ƙarni ya karɓa daga hannun na gabansa. Itatuwan nan da ɗan yawon buɗe ido yake ɗauka ado ne, matakan magina ne. Wanda ya dasa su ya san ginin zai buƙaci jikokinsa, shi ya sa ya saka musu tsani a jikin bango. Wannan hikima ta fi tsayin mita 27 zama abin mamaki, amma ba ta fitowa a hoto.

Mutanen wannan yanki ba su jira wani baƙo ya nuna musu hanyar Agadas ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har can domin neman ilimi. Fataken Kano da Katsina sun yi ta kai da kawowa har Hausa ta zama harshen kasuwar garin. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a Agadas a watan Oktoba na 1850, ya tarar mutanen gari suna magana da wani karin harshen Sangai, dangin Zabarmancin da ake ji a lungunan Gamkalle. Tsohon garin kuma ya kasu unguwanni 11 waɗanda fasalinsu ya bi sawun zangunan Abzinawan da suka fara sauka a wurin. Ba'abzine yana da rabo a wannan gari, Bahaushe yana da rabo, Bazabarme ma haka. Da wuya a sami wani gari a Nijar da ya tara gadon al'ummomin ƙasar a wuri guda kamarsa.

To, yaya aka yi ziyarar Agadas ta koma sha'anin Turawa? Sojojin Faransa sun shiga garin a farkon ƙarni na 20. Bayan da Kawsan ya yi wa barikinsu ƙawanya daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917, suka ɗauki fansa a kan mutanen gari, malamai da dama suka rasa rayukansu, gari ya kusa zama kango. Da aka sami ƴancin kai, musamman a shekarun 1980, sai jikokin waɗancan sojoji suka dawo da kyamara. Tseren motocin Paris zuwa Dakar ya riƙa bi ta nan, otel-otel suka buɗe, maƙeran azurfa da masu raƙuma da ƴan jagora suka sami abin yi. Babu laifi a ciki, arziki ne ya shigo. Laifin yana wuyan hukumomin da suka ɗora dukan darajar garin a kan idon baƙo, har ta kai ɗan ƙasa yana ganin tsohon gari kamar wani kanti ne da aka buɗe wa masu jan kunne.

Idon baƙo kuwa ba ya zama wuri guda. Tawayen 1990 zuwa 1995 ya kore shi, ya ɗan dawo, tawayen 2007 ya sake korarsa, sace ma'aikatan Arlit a watan Satumba na 2010 ya rufe ƙofa. Ranar 23 ga Mayu na 2013 aka kai harin bam barikin sojan Agadas, kuma cikin watan da ya biyo baya, a taron da aka yi a birnin Phnom Penh na Kambodiya, UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin kayan tarihin duniya. Shi ne wurin al'ada na farko da Nijar ta samu a wannan jeri, bayan gandun Abzin da Tenere a 1991 da gandun W a 1996. Aka yi murna, aka yi jawabai. Sai dai lambar girman ta iso lokacin da waɗanda aka nemo ta dominsu sun riga sun tafi, kuma ba a tanadi kowa da zai maye gurbinsu ba. A 2025 ma an sace Turawa mata biyu a garin, abin da ya nuna cewa mai jiran dawowar wancan zamani jiran gawon shanu yake.

Za a ce hanya ba lafiya, kuma gaskiya ne, daga Tawa zuwa Agadas hanyar ta sha wahalar da matafiya, ga fargabar ƴan bindiga. Amma motocin safa ba su daina zuwa ba. Da aka gano zinariya a Jado a 2014, dubban matasa daga kowace jaha suka san hanyar Agadas cikin ƴan makonni, ba tare da wata ma'aikata ta yi musu talla ba. Masu nufin Libiya ma sun san ta. Ashe tsoro ba ya hana tafiya sai in abin da za a gano ba shi da daraja a zuciyar mai tafiya. Attajirin Yamai da ke kai iyalinsa hutu Kwatano ko Lome ko Dubai bai taɓa tunanin kai su Agadas ba, ko a shekarun da hanya take lafiya lau. Ɗansa yana iya zana hasumiyar Eiffel da ka, bai san sunan ko magini ɗaya na ƙasarsa ba.

Alhali sana'ar da ake rainawa ilimi ce mai zurfi, mai kalmominta da ƙa'idojinta. Maginin ƙasar Hausa ya san wace ƙasa ce za ta yi tubali, wace ce za ta tsage. Ya san kwana nawa kwaɓi zai yi yana ruɓa da ciyawa kafin a taɓa shi. Yana faɗaɗa bango a gindi ya rage shi a sama domin nauyi ya zauna daidai. Da azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, yake lanƙwasa bakan gizo, ya haɗa ɗaurin guga, ya rufe soro mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Yana fitar da indararo nesa da bango domin ruwa kada ya zuba a gindi. Yana yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da dafara da gashin jima. Wannan gashin jima shi ne wanda majema suke kankarewa daga fatar akuya. A bakin kogi a Gamkalle akwai majemar da kowa ya sani a Yamai, kullum ana jima a cikinta. Abin da kakanni suke kare bango da shi daga ruwan sama yana nan a unguwar da ake cewa bangon ƙasa ba ya jure ruwa, ana share shi kamar shara.

Nan ne mai adawa zai kawo hujjarsa mafi ƙarfi, kuma wajibi ne a saurare shi. Zai ce ginin ƙasa yana kashe mutane. A watan Satumba na 2020 kogin Kwara ya kai cikar da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, unguwannin bakin kogi suka nutse, ɗakunan ƙasa suka narke. A daminar 2024 ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, kuma da yawa daga cikin mamatan bango ne ya danne su. Ranar 3 ga Satumba na wannan shekara tsohon masallacin Birni a Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya zube bayan ruwa mai yawa. Kafin nan, a watan Agusta na 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya faɗa wa masallata suna cikin salla. Uwar da ta kwana tana tsaron bango da fitila, tana jin ruwa na zuba, ba ta buƙatar wani mai boko ya zo ya yi mata huɗuba a kan kyawun laka.

Duk wannan gaskiya ne, amma ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A duba ɗakunan da suke faɗuwa. An gina su ba harsashin dutse, a kan hanyar ruwa ko a kwari, da siraran tubalan da aka buga cikin gaggawa domin a rage kuɗi. Gamkalle tsohon ƙauye ne da birni ya haɗiye, lungunansa ƙunci, magudanun ruwa sun yi ƙaranci, waɗanda suke akwai kuma leda ta toshe su, sai ruwa ya kwana a gindin bango yana cin sa daga ƙasa. Da yawa daga cikin mazauna ƴan haya ne. Ɗan haya ba ya yaɓe bangon da ba nasa ba, mai gida kuma ba ya kashe kuɗi a kan ɗakin da yake jiran ya faɗi ya sayar da fili. Wani kuma, don son zamani, ya shafe bangon ƙasa da siminti. Simintin yakan riƙe danshi a ciki, bango ya ruɓe a ɓoye, wata rana fatar ta ɓalle gaba ɗaya. Talauci da sakaci da rashin magudana su ne masu kisan, ƙasa kuwa ita ake kamawa da laifi saboda ita ce ba ta da baki. Ruwan sama ya ƙaru da ƙarfi a shekarun nan, wannan ma ba a musu, sai dai abin da hakan yake nema shi ne ƙarin gwaninta da ƙarin kulawa, daidai lokacin da ake barin gwanaye suna ƙarewa.

Sannan a tambayi mai bulo da kwano me ya saya da bashinsa. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan wuce digiri 40. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya yi sanyi. Siririn bulo da kwano kuwa tanda ce, ba ta zaunuwa sai da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar sakamakon takunkumin da ya biyo bayan juyin mulki, mutanen Yamai sun ga abin da ake nufi da gidan da ba ya numfashi sai da lantarki. Mutumin da ya gudu daga ginin talaka ya wayi gari yana biyan banki, yana biyan kuɗin wuta, da rani kuma yana shimfiɗa tabarma a tsakar gida kamar kakansa, sai dai kakan yana da ɗaki mai sanyi da zai koma da rana.

Kada kuma a ce wannan sana'a ta tsaya a zamanin da. A ƙauyen Yama na jahar Tawa, wani magini manomi, Falke Barmu, ya soma gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, mutanen gari suna kawo ruwa da tubali da itace, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Ya yi ta ƙara masa fasali har farkon shekarun 1980, kuma a 1986 masallacin ya ci lambar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin fasahar gini a duniyar Musulmi. Tun shekarun 1980 ake koyar da magina a Nijar fasahar gini ba itace, inda ake rufe ɗaki da ƙubbar tubali domin a huta da sare daji. A 2016 aka kammala gidaje shida na tubalin ƙasa matsattse a cikin Yamai, ƙarƙashin aikin da aka kira Niamey 2000, wanda ƴar Nijar Mariam Isufu Kamara take cikin masu zana shi. A 2018 ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gama aikin Dandaji, inda aka gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, aka gina sabo a gefensa da ƙasar wurin. Mujallun fasahar gini na ƙasashen waje sun cika shafukansu da hotunan waɗannan ayyuka. A gida kuwa, makarantu nawa, asibitoci nawa, ofisoshin magajin gari nawa aka gina a kan wannan tafarki? Gwamnatin da ke buga hoton hasumiyar Agadas a takardun tallarta ita ce ke kiran duk ginin da ba siminti ba gini na wucin gadi.

Akwai kuma rabon attajirai masu gina masallatai a wannan laifi. Niyyarsu alheri ce, Allah ya ba su lada. Amma sau da yawa alherin yakan fara ne da rushe tsohon masallacin gari, a kawo zane iri ɗaya da na kowane gari, a liƙa tayil, a shafa koren fenti, a kafa allo mai sunan wanda ya biya. Tun da aka gina babban masallacin Yamai da kuɗin Libiya a shekarun 1970, ido ya saba da cewa masallacin kirki shi ne wanda siffarsa ta zo daga waje. An manta cewa masallacin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da aka gina a Madina a shekarar hijira, da tubalin ƙasa aka yi bangonsa, ginshiƙansa kututturen dabino, rufinsa ganyen dabino. Wanda yake ganin ƙasa ta yi ƙasƙanci da ɗakin ibada ya sake tunani. Masallacin ƙasa yana tara mutanen gari kowace shekara domin yaɓe, kamar yadda ake yi a Jenne ta ƙasar Mali, inda babba da yaro suke fitowa rana guda su sabunta masallacin da aka gina a 1907. Na siminti kuwa in ya tsage sai a zauna jiran wani alhajin.

Darasin Tumbutu ya ishi mai hankali. A 2012 masu ɗauke da makamai suka farfasa hubbaren waliyyan garin da diga da gatari. Duniya ta yi kururuwa, kuma a 2016 kotun duniya ta birnin Hague ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara tara saboda wannan ɓarna. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa zuwa 2015 an riga an sake tayar da hubbaren, kuma maginan garin ne suka tayar da su, domin zuriyar magina ba ta yanke ba a Tumbutu. Abin da diga ta rushe ya tashi saboda akwai hannun da ya san yadda ake tayar da shi. Abin da sakaci yake rushewa ya fi muni, domin hannun yake fara ci kafin ya kai ga bango, kuma babu kotun da ke zama a kansa. Tsohon garin Damagaram yana cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006. Shekara goma sha takwas bayan haka masallacinsa ya zube. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma a cikin tsohon garin Agadas ma bulo da kwano sun soma leƙowa ta bayan katangu.

Maganin ba boyayye ba ne, ba kuma mai tsada ba ne in aka kwatanta da abin da ake kashewa a bukukuwa. Ma'aikatar ilimi tana iya sa tarihin gine-ginen ƙasar nan a cikin karatun yara, ta kuma kai ɗalibai su gani da ido, na Yamai su je Yama da Dandaji, na Damagaram su shiga Birni, waɗanda hali ya yi su kai Agadas. Makarantun koyon sana'a suna iya ɗaukar tsofaffin magina a matsayin malamai, da albashi da takardar shaida, tun suna da rai. Gwamnati tana iya wajabta wa kanta gina wani kaso na azuzuwa da ɗakunan shan magani da ƙasa ingantacciya, domin talaka ba zai yarda da abin da hukuma take ƙyama ba. Magajin gari yana iya haƙa magudanu a Gamkalle, ya tabbatar wa mazauna mallakar filayensu, ya hana gini a hanyar ruwa, ya koyar da sa harsashin dutse. Attajiri mai neman lada yana iya tsayar da waƙafi domin yaɓen tsohon masallaci kowace shekara, ko da ba za a kafa allo da sunansa ba.

Shi kuma mai ziyara, in Allah ya kai shi Agadas, ya san cewa hawa hasumiya da ɗaukar hoto shi ne mafi ƙarancin abin da ya je yi. Ya shiga lungunan tsohon gari da ƙafa, ya ga fadar Sarkin Abzin da gidan da Barth ya sauka, ya duba zanen da ke cikin ɗakuna, ya taɓa bango da tsakar rana ya ji sanyinsa. Ya nemi a haɗa shi da magina, ya gaishe su gaisuwar malamai, ya tambaye su inda suke ɗebo ƙasa da yawan yaran da suke koyarwa. Amsar wannan tambaya ta ƙarshe ita ce za ta gaya masa ko jikokinsa za su tarar da hasumiyar a tsaye. In ya dawo Gamkalle, kafin ya kira masu rushewa, ya zagaya ɗakin mahaifinsa sau ɗaya da idon da ya dubi masallacin Agadas. Wataƙila ya ga cewa abin da ɗakin yake nema bai wuce harsashi mai ƙarfi, da indararo sabo, da yaɓe kafin damina ba.